Wa Ke Duba Laimar Kafin a Diro?

A 'yan shekarun nan wani irin bidiyo ya yawaita a wayoyin mutanen Zango. Za ka ga saurayi ko budurwa daga unguwannin Nima, Mamobi ko Madina na Akra a ɗaure a ƙirjin wani ƙwararre, suna zaune a bakin ƙofar ƙaramin jirgin sama, tsibirin Palm Jumeirah na Dubai yana shimfiɗe can ƙasa, sai kawai su faɗo tare iska tana kaɗa musu kumatu. Wasu a Afirka ta Kudu suke yin nasu, wasu a Swakopmund ta Namibiya, wasu a gaɓar tekun Kenya. Wannan ita ce dirowa da laima mutum biyu, wadda masu sana'ar suke kira tandam, kuma duk lokacin da irin bidiyon ya shigo wani zaure na WhatsApp jama'a kan rabu gida biyu. Dattawa su ce ganganci ne da jefa kai cikin halaka, matasa su ce ai Turawa sun gama tsara komai, babu abin tsoro. A ganina ɓangarorin biyu suna tsallake tambayar da ta fi muhimmanci, wato wane ne ya duba kayan da aka rataya ran yaron nan a jikinsu, yaushe ya duba su, kuma wa yake da ikon hana jirgin tashi idan ya ga abin da bai kwanta masa a rai ba.

Abin da ya sa tambayar take da nauyi shi ne matsayin fasinja a wannan wasa. Wanda ya koyi dirowa shi kaɗai yana sanin laimarsa, sau da yawa shi yake naɗe ta, kuma idan ta ƙi buɗewa ya san hannun da zai ja. Fasinjan tandam kuwa ya zo da safe, an yi masa bayani na 'yan mintuna, ya sa hannu a takardu, an ɗaura masa ɗamara, shi ke nan. Ba ya iya bambance igiyar da ta ci da sabuwa, ba ya iya karanta takardar shaidar jagoran da zai ɗauke shi, kuma daga lokacin da jirgi ya bar ƙasa ba shi da sauran dabara. Ana fita daga jirgin ne tsakanin mita 3,000 zuwa 4,000 da 'yan kai, ana faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa, a buɗe laima a wajen mita 1,500 daga ƙasa. Daga wannan wuri zuwa ƙasa, idan babu abin da ya buɗe, bai cika rabin minti ba. Duk wani gyara da za a yi cikin wannan ɗan lokaci a hannun jagora yake da kayan da ke bayansa. Saboda haka amana ce zalla, kuma amanar da mai bayar da ita ba shi da hanyar bincika ta wajibi ne wani ya bincika masa.

Gaskiya ne kayan da ake amfani da su yau an ƙera su da hikima, kuma bai kamata a raina wannan ba. A farkon shekarun 1980 ne wasu maƙera laima biyu a jihar Florida ta Amurka, Ted Strong da Bill Booth, suka fito da tsarin da mutum biyu za su rataya a laima ɗaya. Jakar da jagora yake goyawa tana ɗauke da babbar laima da kuma laimar ko-ta-kwana. Akwai wata ƙaramar laima ta birki da yake jefawa jim kaɗan bayan fita daga jirgi, domin nauyin mutum biyu a dunƙule zai sa su yi gudun da ya zarce wanda babbar laima za ta iya buɗewa a cikinsa lafiya. Akwai tsarin zobba uku, wanda Booth ya ƙirƙiro, da ke ba jagora damar yar da babbar laima da jan hannu ɗaya idan ta cukurkuɗe, sannan ya buɗe ta ko-ta-kwana. Bayan waɗannan duka akwai wata 'yar na'ura mai aiki da batir da ke auna gudu da nisan ƙasa, wadda idan ta ga an kusa ƙasa ana ta faɗowa babu laima, sai ta yanke zaren da ya kulle jakar ko-ta-kwana da kanta. Mafi shahararta ita ce CYPRES, da kamfanin Airtec na Jamus ya fitar a 1991, kuma wadda aka yi wa tandam tana aiki ne a wajen mita 580 daga ƙasa, wato saura kamar daƙiƙa goma. Ko da jagora ya suma a sama, wannan na'ura za ta iya ceton mutum biyu.

Alƙaluma ma suna goyon bayan masu cewa wasan ya yi sauƙi. Ƙungiyar masu dirowa da laima ta Amurka, USPA, ta ƙirga mutuwar mutum 10 a shekarar 2023 cikin dirowa fiye da miliyan uku da rabi, kuma ƙiyasinta game da fasinjojin tandam shi ne mutum ɗaya cikin kowace dirowa 500,000. Tsohon shugaban Amurka George Bush babba ya yi irin wannan dirowa yana da shekara 90. Wanda ya kwatanta wannan da hanyoyinmu, inda haɗarin mota yake cin ran fiye da mutum 2,000 kowace shekara a Gana, zai iya cewa tafiya daga Akra zuwa Kumasi da daddare ta fi ban tsoro, kuma ba zan yi masa gardama ba. Amma a nan ne nake ganin matasanmu suke yaudarar kansu. Wannan adadi na ɗaya cikin 500,000 sakamakon wani tsari ne na dokoki, horo, bincike da rubuta kowane kuskure, wanda aka gina cikin shekaru masu yawa, sau da yawa bayan an yi asarar rayuka. Laima takan shiga jirgin ruwa ta zo tashar Tema, amma tsarin da ya sa ta zama abin dogaro ba ya biyo ta a cikin kwantena.

Ga misalin abin da nake nufi da tsari. A dokar hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, jagoran tandam sai ya yi aƙalla shekara uku yana dirowa, ya yi dirowa 500, yana riƙe da babban lasisi, sannan ya ci kwas na musamman a kan irin jakar da zai yi amfani da ita. A Birtaniya dirowa 800 ake nema. Laimar ko-ta-kwana ba kowa ke taɓa ta ba, sai mai naɗi da yake da lasisin hukuma, kuma a Amurka dole a buɗe ta a bincika a sake naɗewa duk kwana 180, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Wanda ya je irin waɗannan wurare zai iya gani da idonsa. A cikin wani ƙaramin aljihu a jikin jakar akwai kati da aka rubuta ranar naɗi na ƙarshe da sa hannun mai naɗin, sannan a kan fil ɗin da ya kulle jakar akwai ɗan hatimin darma a ɗaure da jan zare, wanda idan ya tsinke an san an taɓa ta. Na'urar nan mai batir ma tana da ɗan allo da ake kunnawa da safe, ta gwada kanta, ta tsaya a kan sifili, kuma tana da shekarun da idan ta cika su ake ajiye ta ko da ba ta taɓa yin aiki ba. USPA ta hana jagora riƙe kyamara a hannunsa sai ya yi tandam 200, ta kuma hana shi yin juyin da ya wuce digiri 90 idan ya sauko ƙasa da ƙafa 500. Waɗannan ƙananan ƙa'idoji su ne ainihin lafiyar wasan, kuma kowace ɗaya daga cikinsu tana cin kuɗi ko lokaci, don haka kowace ɗaya tana da wanda zai so ya kauce mata.

Ko a Amurkar an kauce. A watan Agustan 2016, a wata cibiyar dirowa kusa da garin Lodi na jihar Kalifoniya, wani yaro ɗan shekara 18 da jagoransa suka mutu bayan laimarsu ta kasa buɗewa yadda ya kamata. Da aka bincika, sai aka tarar jagoran ba shi da ingantacciyar shaidar ɗaukar fasinja. Binciken ya faɗaɗa har ya shafi jagorori fiye da 100 waɗanda aka sami tangarɗa a horonsu, jihar ta yi sabuwar doka a 2017, kotu ta yanke hukuncin a biya iyalin yaron diyyar dala miliyan 40 a 2021, kuma a 2024 kotun tarayya ta sami wani mai horas da jagorori da laifin zamba a kan takardun shaida. Wataƙila yaron nan ya je da jin cewa an gama tsara komai, daidai yadda namu suke ji. Idan takardar bogi za ta iya yawo a ƙasar da ta ƙirƙiro wasan, to mutumin da ya zo mana da ƙasashen waje a bakinsa da tambari a rigarsa bai isa a yarda da shi don wannan kawai ba.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi shafar mu kai tsaye, wanda ba na jin ana maganarsa, wato ɗamarar fasinja. Ana haɗa ta da ta jagora da ƙugiya huɗu, biyu a kafaɗu, biyu a kwatangwalo, amma ƙarfin ƙugiyar ba ya amfani idan jikin mutum zai iya zamewa daga cikin ɗamarar. A 2005 da 2006 an sami fasinjoji a Amurka da suka sulale ta baya lokacin da laima ta buɗe da fizga, suka faɗi suka mutu, abin da ya sa maƙera suka ƙara wani maɗauri da ke haɗa na baya da na cinyoyi don toshe wannan kafa. Dole ne maɗauran cinya su matse sosai, har mutum ya ɗan ji takura idan ya miƙe. To mu mutane ne masu kunya, kuma kunya ado ce, amma a wannan wuri za ta iya zama haɗari. Yarinyar da aka rena a gidan mutunci ba za ta so baƙon namiji ya tsuguna yana jan maɗauri a cinyarta ba, za ta yi saurin cewa ya isa haka, kuma jagoran da yake gudun ɓata wa mai biyan kuɗi rai zai iya barin ta. Mafita ita ce a nemi jagora mace tun wajen yin rajista, ko aƙalla mace ta ɗaura ɗamarar sannan jagora ya duba, kuma idan wurin ba su da wannan a haƙura. Haka nan babban hijabi ko jallabiya mai faɗi za su iya rufe hannayen da jagora zai ja, ko su sarƙe da igiya, don haka sai a tanadi ɗan ƙaramin lulluɓi mai kama kai da za a cusa cikin rigar dirowa. Babu wanda ya ce a zubar da sutura, amma sai an yi maganarta a fili kafin a hau jirgi.

Nauyin jiki da lafiya ma haka. An ƙera jakar Sigma, wadda ta fi yawa a wannan sana'a, don ɗaukar jimillar kilo 227, wato jagora da fasinja da kayan gaba ɗaya, shi ya sa yawancin wurare suke tsayar da fasinja a wajen kilo 100 ko ƙasa da haka. Wanda ya rage wa kansa kilo goma a takarda don kada a mayar da shi ya cuci kansa ya cuci jagoran. Wurin da ba ya ɗora fasinja a sikeli, yana karɓar abin da aka faɗa masa da baki, ya riga ya nuna irin riƙon da yake yi wa sauran ƙa'idoji. Sai kuma hawan jini, ciwon zuciya, farfaɗiya, kafaɗar da ta taɓa gocewa, da juna biyu. A kan waɗannan zan ƙara sikila, domin kimanin kashi 2 cikin 100 na jariran da ake haifa a Gana suna zuwa da ita, kuma jirgin dirowa ba shi da matsin iska irin na jirgin fasinja, a mita 4,000 iskar shaƙa ta yi ƙaranci ƙwarai. Wannan zai iya tayar wa mai sikila da ciwo, kuma takardar tambayoyin lafiya da aka rubuta don mutanen Turai ba lallai ne ta ambaci cutar ba. Mai ita ya ga likitansa tukuna. Ya kamata kuma a tuna cewa yawancin raunin da fasinjoji suke ji wajen sauka ne, a idon sawu ko gadon baya, domin mutum bai ɗaga ƙafafunsa ba lokacin da aka ce ya ɗaga. Wanda aka yi wa bayani da Turancin da bai gane ba, ya yi ta gyaɗa kai don kada a ce bai waye ba, shi ne zai fi faɗawa wannan.

Wani ɗan ƙanwata da yake tara kuɗin zuwa Dubai ya taɓa ce mini, "Kawu, ai laima biyu ce, in ɗaya ta ƙi ɗaya za ta yi." Na ce masa, "Yarona, to jirgin da zai kai ka sama guda nawa ne?" Mutane suna mantawa da jirgin, alhali manyan asarar rayuka a wannan wasa a cikinsa suke faruwa. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahoto a 2008 da ya nuna cewa daga 1980 haɗurra 32 na jiragen masu dirowa sun kashe mutum 172, ta kuma danganta yawancinsu da rashin kula da gyara, raunin horon matuƙa da sakacin sa ido. Ranar 21 ga Yunin 2019 wani jirgi ƙirar King Air ya faɗi yana tashi a tsibirin Oahu na Hawai, mutum 11 suka rasu. Bincike ya gano matuƙin ya yi tashin burgewa mai tsanani, kuma fiffiken hagu na jirgin a murɗe yake tun wani haɗari da ya yi a 2016, ba a gyara shi yadda ya kamata ba. A Suwidin, ƙasar da ake yabo da bin doka, jiragen masu dirowa sun faɗi a Umea a 2019 da Orebro a 2021, kowanne ya ci mutum tara. A daƙiƙun farko na tashi jirgi bai yi nisan da laima za ta yi amfani ba, babu abin da ke kare mutum sai gyaran inji, daidaita nauyin lodi da natsuwar matuƙi.

Yanzu mu dawo gida. Mu a Gana mun riga mun ɗanɗana wasan sama, domin tun 2005 ake yin bikin shawagi da laima a Kwahu lokacin Ista, inda ake tashi daga dutsen Odweanoma a Atibie, ƙwararren matuƙi yana ɗauke da fasinja, a sauka a filin wasa na Nkawkaw. Wancan daban yake da dirowa daga jirgi, tunda laimar a buɗe take tun kafin ƙafa ta bar ƙasa, amma ya nuna cewa akwai kasuwa, kuma inda kasuwa take 'yan kasuwa za su zo. Damuwata ita ce ɗabi'armu ta yin doka bayan jana'iza. A Yulin 2015 gadar igiya ta Bunso ta tsinke da masu yawon buɗe ido, yara da dama suka ji rauni. A Maris na 2017 wata ƙatuwar bishiya ta faɗo a kan masu wanka a magangarar ruwa ta Kintampo, kusan mutum 20 suka mutu, yawancinsu ɗaliban sakandare, sai a lokacin aka rufe wurin aka shiga gyara. A irin waɗannan wurare ma an biya kuɗin shiga, an ɗauka akwai wanda yake dubawa. Dirowa daga jirgi ba ta bayar da damar koyon darasi da rauni kaɗan.

Yanayin ƙasarmu kansa yana buƙatar ƙa'ida ta musamman. Da nailan ake yin laima da ɗamara, kuma hasken rana yana cin ƙarfin nailan a hankali ba tare da ya yage ba. Danshin Akra da gishirin iskar teku suna sa ƙarfe tsatsa, gumi yana shiga maɗaurai, ƙurar hunturu tana shiga cikin bututun wayoyin da ake ja don yar da babbar laima har jan ya yi tauri. Hazon Disamba da Janairu kan hana ganin ƙasa daga sama, kuma dokar wasan ita ce ba a dirowa inda ba a ganin wurin sauka. Da damina kuwa hadari yakan haɗu cikin ɗan lokaci da iska mai ƙarfi a gabansa. Ga kuma tsadar kaya, domin sabuwar jakar tandam cikakkiya ta haura dala 10,000 nesa ba kusa ba, kuma duk kayan gyaranta daga waje za a kawo su da dala alhali da sidi ake karɓar kuɗin fasinja. Duk wanda ya san Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Akra, ya san abin da direban trotro, wato motar haya, yake yi idan sabon birki ya fi ƙarfin aljihunsa, yakan sayi na gwanjo ya ce zai ɗan lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Kayan laima na hannu ba haramun ba ne a sana'ar, ana saye ana sayarwa a ko'ina, amma sai da tarihinsu a rubuce da binciken mai lasisi. Tsoron da nake ji shi ne kayan da wata cibiya a Turai ta yi wa ritaya su sami sabuwar rayuwa a nan, inda babu mai tambayar shekarar da aka ƙera su.

Shi ya sa nake ganin nauyin yana kan Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Gana tare da Hukumar Yawon Buɗe Ido, kuma lokacin ɗaukarsa shi ne tun kasuwar ba ta yi ƙarfin da za ta riƙa juya hukuma ba. Duk wanda zai sayar wa jama'a dirowar tandam a ƙasar nan, ko na dindindin ne ko na mako guda a wani biki, ya kamata a tilasta masa kawo shaidar kowane jagora, hukuma kuma ta tuntuɓi ƙungiyar da ta bayar da shaidar da kamfanin da ya ƙera jakar don tabbatarwa, maimakon ta tsaya kan kwafin takarda. A san sunan mai naɗa laimar ko-ta-kwana da inda ya sami lasisinsa. A haramta tashi da fasinja ba tare da na'urar buɗe laima mai sauran wa'adi ba. A riƙa binciken jirgin da matuƙinsa da tsananin da ake yi wa jirgin haya, tunda kuɗin jama'a yake ɗauka. A sa inshorar da za ta biya magani da diyya, domin takardar yafe haƙƙi da ake sa fasinja ya sa wa hannu an rubuta ta ne don kare kamfani, kuma inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar irin wannan wasa. Ba sai mun ƙirƙiro komai daga tushe ba, Afirka ta Kudu tana da ƙungiyar masu dirowa da ƙa'idojinta, rundunar sojojinmu ma tana da dakarun laima a Tamale waɗanda suka san naɗi da ajiya. Abin da za mu ƙara shi ne mutum ɗaya a kowane wuri wanda albashinsa bai rataya a kan yawan fasinjojin da aka ɗauka ba, wanda idan ya ce iska ta yi yawa yau, magana ta ƙare.

Wannan batu na ƙarshe ya fi sauran wuya, saboda a wurare da yawa ana biyan jagora ne gwargwadon yawan dirowar da ya yi. Ranar da aka fasa, bai sami komai ba. A ɗaya ɓangaren kuma ga fasinja da ya biya kuɗin jirgi da otal, gobe zai koma gida, abokai suna jiran bidiyo, yana roƙo a daure a tashi. Matsin yana zuwa daga ɓangarori biyu, kuma dukansu suna tura mutum zuwa ƙofar jirgi. Mu masu saye muna da hannu a wannan. Idan aka ce maka an ɗaga saboda gajimare ko iska, wurin ya nuna maka cewa yana da mai cewa a'a, kuma ya cancanci ka dawo masa. Wanda yake neman mafi araha a intanet kuma ya tambayi kansa daga ina aka rage kuɗin, tunda man jirgi ba ya sauka, kuɗin filin ba ya sauka, abin da ya fi sauƙin ragewa shi ne gyara da ƙwarewar ma'aikata.

Game da hukuncin addini, wannan fagen malamai ne, kuma ina girmama masu kawo aya ta 195 a Suratul Baƙara da ta hana jefa kai cikin halaka. Abin da zan roƙa kawai shi ne a ba malaman cikakken bayani kafin a nemi fatawarsu, domin dirowa da jagora mai shaida da kayan da aka bincika, da dirowa da wanda ba a san asalinsa ba, ayyuka biyu ne mabambanta ko da bidiyonsu iri ɗaya ne. Kuma iyayen da suka hana ɗansu da faɗa kawai su sani cewa mai shekara 25 da fasfo a aljihu zai iya zuwa ba tare da ya gaya musu ba. Gara su zaunar da shi su tambaye shi sunan wurin, wace ƙungiya ce take sa masa ido, sannan su umarce shi ya nemi ganin katin jagoransa da katin laimar ko-ta-kwana, ya tambayi ko an kunna na'urar, ya kuma ji da kunnensa an ce ƙugiya huɗu sun shiga kafin a buɗe ƙofa. Jagoran kirki yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi, yakan juyo da jakar ya nuna maka da yatsa. Wanda ya fusata ko ya mayar da abin wasa, a karɓi kuɗi a tafi, in ma kuɗin ba za su dawo ba a bar masa.

Akwai abu ɗaya da zan so hukuma ta rubuta tun a shafin farko na kowace ƙa'ida, wato tilasta kai rahoton duk wata tangarɗa ko da babu wanda ya ji rauni. A ƙasashen da wasan ya daɗe, yar da babbar laima a koma ta ko-ta-kwana abu ne da yake faruwa lokaci zuwa lokaci, ana rubuta shi, a binciki dalili, a sanar da sauran cibiyoyi, maƙera kuma su fitar da sanarwar gyara idan aibin na kaya ne. Mu kuwa mun saba rufe irin wannan don kada a ɓata sunan kasuwa, a ce Allah ya kiyaye a wuce. Tun 2020 Gana take da hukuma mai zaman kanta ta binciken haɗurran jiragen sama, wadda aka kafa da doka mai lamba 1028, kuma babu abin da zai hana a ba ta hurumin karɓar irin waɗannan rahotanni daga masu laima, na Kwahu da duk wanda zai zo bayansu, ta riƙa wallafa su kowace shekara yadda mai niyyar biyan kuɗinsa zai iya karantawa. A haɗa da sharaɗin cewa kafin a ba kowane fili izini sai an auna minti nawa motar asibiti za ta ɗauka daga wurin sauka zuwa asibitin da zai iya aikin karayar gadon baya, irin Korle Bu, Asibitin Sojoji na 37 ko Komfo Anokye, a ranar da hanya ta cushe kamar yadda take cushewa a Nkawkaw lokacin Ista.